Asetil Kulorayid a Ɗakin Gwaji: Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Duk shekara, da zarar lokacin aikin kammala karatu ya kama, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga ɗaliban kemistiri game da wannan ƙaramar kwalbar da ke fidda hayaƙi tun kafin a gama kwance murfinta. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na tattara su a nan. Na fara da na sanin abin, sannan na aiki da shi, sannan na ajiya da kiyaye lafiya.

Mene ne asetil kulorayid, kuma yaya kamanninsa?

Ruwa ne garai marar launi, ana rubuta shi CH₃COCl. Ɗan gidan asetik asid ne, wato CH₃COOH, sinadarin da ke ba ruwan khal tsaminsa. Bambancinsu wuri ɗaya ne tak: inda asid ɗin ke da OH, shi kulorin ne a wajen. Danginsa, waɗanda ake kira asil kulorayid, duk haka sigarsu take, RCOCl, inda R ke wakiltar sauran jikin sinadarin, kuma cikinsu akwai benzoyil kulorayid da okzalil kulorayid. Ƙaraminsu a takarda shi ne fomil kulorayid, HCOCl, sai dai shi ba ya zama, wargajewa yake yi ya koma CO da HCl. Saboda haka asetil ne mafi ƙanƙanta da ake iya zubawa a kwalba a sayar.

Lambobin da ya kamata su zauna maka a ka kaɗan ne. Nauyin mol ɗaya giram 78.5. Mililita ɗaya tana da nauyin giram 1.10, wato mol ɗaya ya kama kusan mililita 71. Yana tafasa a digiri 51, yana daskarewa a digiri 112 ƙasa da sifili. Wannan 51 ɗin ka riƙe ta da kyau, za mu dawo kanta a amsar ajiya.

Me ya sa yake hayaƙi idan an buɗe shi?

Ba ƙonewa yake yi ba. Tururinsa ne ke gamuwa da laimar da ke cikin iska, nan take su haɗu: CH₃COCl + H₂O → CH₃COOH + HCl. Iskar HCl ɗin ta sake jawo laima ta zama ƙananan ɗigon asid da ke shawagi, su ne farin hazon da kake gani a bakin kwalba. Warin kuma na khal ne mai harbin hanci, yana sa ido hawaye, yana shaƙe maƙogwaro.

Don ka gane yawan abin: kwalbar mililita 100 tana ɗauke da kusan mol 1.4, kuma idan duka ya gamu da ruwa zai saki iskar HCl da ta haura lita 30. Za ka lura cewa a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, hayaƙin ya fi kauri ƙwarai fiye da na lokacin hunturu. Kwalbar ba ta canza ba, iskar ɗakin ce ta canza.

Me ya sa ya fi asetik asid da danginsa, esta (mai OR a gurbin OH) da amayid (mai naitirojin a gurbin OH), zafin aiki?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, kabon ɗin da ke tsakiyar C=O yana tsakanin oksijin da kulorin, kowannensu na jan ilektiron zuwa wajensa, sai ya zama mayunwaci, duk abin da ya zo da ilektiron na rara, ko ruwa ne ko alkohol ko amin (dangin amoniya mai naitirojin), zai cafke shi. A cikin amayid, naitirojin yana mayar wa kabon ɗin da ilektiron ya kwantar masa da hankali. Oksijin na esta ma yana yi, ko da bai kai ba. Kulorin kuwa babba ne, hannunsa bai dace da na kabon ba, abin da yake mayarwa bai taka kara ya karya ba.

Na biyu, bayan maharin ya kama kabon, an sami matsakaicin sinadari mai ƙafa huɗu, dole wani ya fita don C=O ta dawo. Kulorayid ba ya jinkirin fita, domin shi kaɗai ma a zaune yake lafiya. Shi ya sa jerin ya zama: asil kulorayid a sama, sai anhaidirayid (asid biyu da aka haɗe aka cire ruwa), sai esta, sai amayid a ƙasa. Daga sama zuwa ƙasa gangara ce, ana sauka cikin sauƙi. Komawa sama kuwa sai da wani ƙarfi daga waje. Na'urar IR, mai tantance sinadari da hasken infrared, ita ma tana nuna wannan: C=O ta asetil kulorayid tana fitowa wajen 1800 cm⁻¹, ta esta wajen 1740, ta amayid ƙasa da 1700.

Wa ya fara haɗa shi? Gaskiya ne yana da alaƙa da asfirin?

Charles Gerhardt ne, masanin sinadarai Bafaranshe haifaffen Strasbourg, a 1852. Ya haɗa gishirin potasiyam asetet da POCl₃. A 1853 ya zuba sabon ruwan nasa a kan sodiyam salisilet, ya sami asetilsalisilik asid, amma gurɓatacce, bai kuma bi ta kansa ba. Ya rasu a 1856. Sai a 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer a Jamus ya fitar da shi tsarkakakke, shi kuma da asetik anhaidirayid ya yi, aka sa masa suna Aspirin a 1899. Dalilin da ya sa masana'antu suka karkata ga anhaidirayid yana cikin amsar da ta kwatanta su biyun a ƙasa.

Yaya ake yin sa? Zan iya haɗa nawa idan babu a sito?

A littafi hanyoyin uku ne: asetik asid da SOCl₂, ko da PCl₃, ko da PCl₅. Ta PCl₃ ita ce 3CH₃COOH + PCl₃ → 3CH₃COCl + H₃PO₃. A masana'anta ana samun sa daga asetik anhaidirayid da busasshiyar iskar HCl.

Shawarata dai ka saya. SOCl₂ da PCl₃ duk suna tafasa wajen digiri 75, tazararsu da 51 ba ta da yawa, raba su yana buƙatar kayan turarawa masu kyau da haƙuri. Kuma kowannensu ya fi abin da kake son haɗawa wahalar riƙewa. Inda haɗawa da kai ke da ma'ana shi ne idan asid ɗinka na musamman ne wanda ba a sayar da kulorayid ɗinsa, a nan sai a yi shi a yi amfani da shi ranar.

Wajen yin esta, me ya sa ake zuba piridin ko tirayetilamin?

Alkohol da asetil kulorayid suna ba da esta da HCl. Itanol, alal misali, yana ba da etil asetet mai ƙamshin nan na ruwan goge farce. Haɗin yana tafiya har ƙarshe, ba ya komawa baya, saɓanin dafa asetik asid da alkohol da ɗigon salfurik asid inda ake tsayawa a tsakiya sai an yi dabarar janye ruwa. Matsalar ita ce HCl ɗin da ke fita. Yana iya tsinke wasu sassan sinadarinka masu tsoron asid, yana iya mayar da alkohol mai rassa uku ya zama alkil kulorayid ko alkin. Piridin ko tirayetilamin suna kama shi su zama gishiri. Idan ka ga farin gari na sauka cikin kwalbar gwaji yayin da kake ɗigawa, wannan gishirin ne, kuma alama ce mai kyau.

Piridin ba mai shara kaɗai ba ne. Yana fara kama asetil ɗin da kansa, ya zama wani gishiri da ya fi na asali zafi, sannan ya miƙa wa alkohol. Ɗan uwansa DMAP, wanda Steglich da Höfle suka bayyana amfaninsa a 1969, ya fi shi iya wannan nesa ba kusa ba, ɗan kaɗan ake sawa idan alkohol ɗin mai cunkoso ne ya ƙi tafiya.

Tsarin zubawa: a narkar da alkohol da bes, wato piridin ko tirayetilamin mai kama asid, a busasshen ruwan narkarwa, a dasa kwalbar cikin ƙanƙara, a riƙa ɗiga asetil kulorayid ɗis-ɗis ana juyawa. Idan ka haɗa shi da tirayetilamin su kaɗai kafin alkohol ya shigo, bes ɗin zai iya fizge HCl daga jikinsa ya bar kitin, CH₂=C=O, wanda ke kama kansa da kansa, sai ka ga ruwan ya yi ruwan ɗorawa, daga nan ya koma ruwan ƙasa.

Na haɗa amin da asetil kulorayid daidai wa daida, amma rabi kawai na samu. Ina kuskuren?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace dawowa, kuma lissafi ne kawai. Kowane ƙwayar amayid da ta samu tana sakin HCl ɗaya. Amin bes ne, sai HCl ɗin ya kama wani amin da bai riga ya yi aiki ba, ya mayar da shi gishirin amoniyam. Wanda ya zama gishiri ba shi da sauran ilektiron na kai hari. Rabi ya zama amayid, rabi ya zauna. Magani: ko dai ka ninka amin sau biyu idan mai araha ne, ko ka sa tirayetilamin mol 1.1 zuwa 1.5 ga kowane mol na amin ya ɗauki nauyin asid ɗin idan amin ɗinka mai tsada ne ko kai ka sha wahalar haɗa shi.

Anilin yana ba da asetanilayid, fararen ƙwayoyi masu narkewa a digiri 114. Ana yawan yin wannan don a rufe wa NH₂ baki na ɗan lokaci kafin a yi wani aiki a zoben benzin, daga baya a cire asetil ɗin. Idan sinadarinka yana da NH₂ da OH duka, naitirojin ne zai riga kamawa, amma asetil kulorayid ba gwanin zaɓe ba ne, in ka zuba da rara zai hau duka biyun.

Na ga ana amfani da ruwan NaOH tare da asil kulorayid. Ba an ce ruwa na lalata shi ba?

Wannan hanyar Schotten da Baumann ce, masana biyu na Jamus da suka bayyana ta a shekarun 1880. Da benzoyil kulorayid aka fi yin ta, wanda ke tafasa a digiri 197, ba ya garwayuwa da ruwa sosai, kuma ruwa na cin sa a hankali, sai amin ya riga ruwa isa gare shi. Asetil kulorayid ba shi da wannan haƙurin. Kafin ka girgiza kwalbar sau biyu yawancinsa ya koma sodiyam asetet.

A haɗin Friedel da Crafts, in dai AlCl₃ mai hanzartawa ne kawai, me ya sa ake zuba shi da yawa haka?

Charles Friedel Bafaranshe da James Crafts Ba'amurke sun gano haɗin a Paris a 1877. AlCl₃ yana fizge kulorayid ya bar CH₃CO⁺, wanda ke da zafin da zai iya kai wa zoben benzin hari. Benzin, C₆H₆, yana ba da asetofinon mai tafasa a digiri 202. Tolwin da anisol suna ba da wanda asetil ya hau gefen da ke fuskantar reshen farko, galibi.

Abin da ke cinye AlCl₃ shi ne kiton ɗin da ka samar, kamar asetofinon ɗin nan. Oksijin ɗinsa yana rungume aluminiyam ya ƙi saki, kowane ƙwayar kiton ta tafi da AlCl₃ ɗaya. Saboda haka ake sa fiye da mol ɗaya ga kowane mol na asetil kulorayid, kamar 1.1. Ga milimol 10 ke nan kusan giram 1.5. A ƙarshe sai a juye haɗin a kan ƙanƙara da ɗan haidurokulorik asid don a raba su. Kuma AlCl₃ ɗin dole ya zama busasshe. Wanda ya dunƙule ya yi fari fat saboda ya sha laima, ɓata lokaci ne.

Alherin wannan haɗi shi ne CH₃CO⁺ ba ya sauya siga a hanya, kuma asetil ɗaya kawai ke hawa, domin kiton ɗin yana sanyaya zoben. Iyakarsa kuma nan take: zoben da ya riga ya yi sanyi, kamar naitirobenzin, ba ya karɓa. Anilin ma ba ya yi, domin naitirojin ɗinsa ne zai kama AlCl₃, sai an fara rufe shi kamar yadda aka faɗa a amsar amin.

Me ya sa wasu ke ɗiga shi cikin mitanol da gangan?

Dabara ce ta samun busasshen HCl ba tare da tukunyar gas ba. CH₃COCl + CH₃OH → CH₃COOCH₃ + HCl, kuma HCl ɗin yana nan narke cikin sauran mitanol, babu ɗigon ruwa. Ka san adadinsa daidai, tunda kai ka auna: mililita 7.1 a cike da mitanol zuwa mililita 100 yana ba da kusan mola 1, wato mol ɗaya a kowace lita. Da wannan ake mayar da amino asid zuwa metil esta, ake cire kariyar Boc, wato murfin da ake sa wa amin na ɗan lokaci, ake kuma shirya mai kafin a sa shi a na'urar GC mai rarrabe sinadarai. Masu aikin tantance kitsen man gyaɗa, man riɗi ko man kaɗe sukan gamu da wannan mataki ba tare da an gaya musu dalilinsa ba.

Zafi yake fitarwa sosai. Mitanol a cikin ƙanƙara, asetil kulorayid ɗis-ɗis a kansa. Kada a juya tsarin.

Wanne zan zaɓa, shi ko asetik anhaidirayid?

In duka za su yi, ni anhaidirayid nake ɗauka. Yana tafasa a digiri 140, ba ya hayaƙi irin wancan, abin da yake bari asetik asid ne mai sauƙin kai, ba HCl mai cin ƙarfe ba. Shi ya sa da shi ake yin asfirin da farasitamol da selulos asetet a masana'anta. Asetil kulorayid yana da nasa wurin: idan alkohol ko amin ɗin malalaci ne, idan kana son haɗi ya ƙare da sauri a cikin sanyi, ko kana son ragowar ta tashi cikin sauƙi, tunda abin da ke tafasa a 51 ba ya wahalar kora. Ta fuskar nauyi ma ya fi: asetil giram 43 ne cikin 78.5, wato kusan kashi 55 cikin ɗari, a anhaidirayid kuwa 43 cikin 102, kusan kashi 42.

Wane ruwan narkarwa ya dace, wanne ne haramun?

Busasshen daikuloromiten shi ne na yau da kullum, sai tolwin da busasshen dayetil ita (ether). Duk mai OH ko NH a jikinsa ya fita, sai in shi ne abokin haɗin. THF yana yi a sanyi tare da bes, amma idan akwai irin su ZnCl₂ asetil kulorayid yana buɗe zobensa. DMF yana haɗuwa da shi. DMSO kuwa kada ma su haɗa hanya, haɗuwarsu tana da tsanani har takan kai ga fashewa, kuma wannan ya shafi jarkar zuba sharar sinadarai. Kayan gilashi a busar da su a tanda, a sa bututun kalsiyam kulorayid a baki ko a rufe da iskar naitirojin.

Yaya zan ajiye shi a garin da zafi ke haura digiri 40?

A nan ne 51 ɗin nan take da magana. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inuwa kanta takan haura 40, ɗakin sito mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Kwalba a irin wannan wuri cike take da matsin tururi, ga HCl da ya taru daga 'yar laimar da ta shiga. Daikuloromiten mai tafasa a 40 da dayetil ita mai tafasa a 35 ma halin da suke ciki ke nan. A nemi wuri mafi sanyi da bushewa, nesa da rana, nesa da alkohol da amin da alkali, a sa kwalbar cikin wani mazubi mai murfi da silika a ƙasa.

Firji yana taimako, da sharaɗi biyu. Firjin gida yana da makunni da ƙwan fitila a ciki masu iya tartsatsi, shi kuwa asetil kulorayid tururinsa na kama wuta tun daga wajen digiri 5, kuma in an ɗauke wuta firji akwati ne kawai. Sharaɗi na biyu na koye shi da kaina. Wata safiya da damina na ciro kwalba daga firji na buɗe nan take don ina sauri. Gilashin ya yi raɓa a waje, ban kawo komai ba, ashe ta ciki ma laima ta sauka. Bayan mako biyu murfin ya kafe, takardar jikin kwalbar ta yi laushi rubutun ya goge, allurar sirinjin da na bari a gefe ta yi tsatsa. A bar kwalba ta dawo zafin ɗaki tukuna, a buɗe ta a hankali cikin akwatin zuƙe hayaƙi, bakinta na kallon nesa da fuska.

Ta yaya zan san kwalbar da na tarar a sito ta lalace?

Launi ne alamar farko: mai kyau garai yake, tsoho yakan yi rawaya. Amma wanda rabinsa ya koma asetik asid ma garai yake, don haka ido bai isa ba. A na'urar NMR mai nuna sigar sinadari, CH₃ na asetil kulorayid yana wajen 2.66 ppm, na anhaidirayid wajen 2.2, na asetik asid wajen 2.1. A IR, faffaɗan tudun OH da C=O a wajen 1710 suna nuna asid ya shiga. In babu na'ura, a turara shi da busassun kaya a karɓi abin da ya zo a 51 zuwa 52. Littattafan tsarkake sinadarai sukan ce a sake turarawa daga ɗan daimetilanilin ko kwinolin don a kama HCl ɗin da ya narke ciki.

Idan ya zube, ko ya taɓa fata, ko wuta ta kama fa?

Fata ko ido: ruwa mai yawa, mai gudu, aƙalla minti 15, a cire tufafin da ya jiƙe, sannan asibiti, musamman in ido ne. Kada a ce ai ruwa na haɗuwa da shi. Ɗigo kaɗan a ƙarƙashin famfo, ruwan ne ke wanke asid ɗin da zafin tare. Wanda ya shaƙa a fitar da shi iska, kuma ko ya ce ya warware a duba shi, domin huhu kan nuna illa bayan sa'o'i. Safar hannu ta roba siririya kariyar fantsama ce kawai, in ya ɗiga a kai a cire ta nan take.

Zubewa a ƙasa ko a tebur: ba a watsa ruwa. A kashe duk wata wuta, a buɗe tagogi, a rufe shi da busasshen yashi, a kwashe zuwa akwatin zuƙe hayaƙi. Tururinsa ya fi iska nauyi kusan sau 2.7, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa har wurin murhun da ke can gefe. Gobara kuma da na'urar CO₂ ko ta busasshiyar hoda ake kashe ta, kuma hayaƙinta na iya ƙunsar fosjin ban da HCl.

Ragowar da ta rage a sirinji ko kwalbar gwaji ana kashe ta ne ta hanyar ɗiga ta a hankali cikin ruwan ƙanƙara mai yawa ana juyawa, sannan a bi da sodiyam baikabonet kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina. Mazubin a buɗe, kada a toshe.

Me ya sa dillali ke neman takardu kafin ya sayar mini?

Asetik anhaidirayid yana cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi ta sa wa ido, saboda ana karkatar da shi. Asetil kulorayid aikinsu ɗaya ne na ɗora asetil, don haka dillalai da yawa suna tambayar wane ne mai saye da abin da zai yi da shi. A Najeriya shigo da sinadarai yana buƙatar izinin NAFDAC. Ga kuma dokar sufuri, domin yana cikin kaya masu kama wuta kuma masu ci, lambarsa UN 1717, ba a jefa shi a but ɗin motar haya cikin rana. A bi ta sashen da kake karatu da takardar malamin da ke duba aikinka, kuma a sayi ƙaramar kwalba. Aikin milimol 10 mililita 0.71 kawai yake ci, kwalbar mililita 100 za ta yi irinsa fiye da sau 100 in laima ba ta riga ku ba.